Hannun Dogo

Dogo ma'aikacin kamfanin wuta ne, irin masu hawa turke. Da an ga tsaninsa a bakin layi mata sai su fara haɗa kayan guga. Yakan ce ya fi kowa sanin gidan da ake miya mai daɗi, don daga sama hayaƙin kowa yake shaƙa.

Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya yi furfura Auta take kiransa. Da mijinta ya sa sola a gida, wani mai gyaran rediyo ya samu ya jona masa inbata, na'urar da ke mayar da wutar sola ta zama irin ta gida, kai tsaye cikin akwatin wutar gidan. Dogo ya zo gaisuwa, ya buɗe akwatin, ya yi tsaki.

"Yaya, ina makunnin da ke raba wutar sola da ta kamfani? Ƙa'ida ce. In babu shi, wutarku za ta iya fita ta hau wayar titi. Kada ku kunna sai na kawo na sa."

"To, sarkin ƙa'ida," in ji ta, tana dariya. "Zauna ka ci abinci tukuna."

Bai samu kawowa ba, iska ta tsinka waya a layin nasu. Aka kashe wuta daga taransifoma, ya hau turken ƙofar gidanta, ya gwada wayar, ya ga babu komai, ya cire safar hannu don ya ɗaure noti. Yaya ta leƙo ta hango shi cikin rana, rigarsa sharkaf da gumi. Ta koma ciki ta kunna inbata don fanka ta huce falo kafin ya sauko. Maganar makunni ko kaɗan ba ta zo mata ba.

Ƙarar faɗuwar tsani ta ji.

Ya rayu, amma likitoci sun yanke hannun dama daga gwiwa. Masu bincike suka zo suka cire inbatar, mijin ya daina fita masallacin layi saboda kallon mutane. Ita kuwa ko asibiti ta kasa zuwa. Takan dafa abinci ta aika, kwano ya dawo, ta zauna ta tasa shi gaba tana kuka.

Da aka sallame shi, gidanta ya fara zuwa. Ta tsaya a bakin kicin, ta kasa ɗaga kai.

"Auta, ni na..."

"Yaya, bar zancen. Ina da laifina, na cire safa." Ya miƙo hannun hagu. "Dubi faratan nan. Na rasa yadda zan yanke su, matata kuma tsoro take ji."

Ta ɗauko abin yankan farce, ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa. Ta yanke na farko har da fata. Ya miƙa mata yatsa na gaba.