Kyalla da Ragon Suna

Ranar wata Talata ce da hantsi, a ƙarshen kaka, shekarar da na cika tara a duniya, na fara ganin abin da ke nesa ya taso ya zo gaban idona. Ina tsaye a kan wani falalen dutse a gabas da Takur, ɗaurin kirarena na ajiye a gefe, sai wani Bature ya ɗora mini wani baƙin ƙarfe mai ido biyu a fuska. Da farko duhu kawai na gani, har tafintansa ya ce in daina runtse ido kamar mai shan maɗaci. Ina buɗewa sai ga fadamar nan da ke can nesa ta zo har kan hancina. Ga bareyi suna kiwo suna kaɗa wutsiya, ga wani gwanki shi kaɗai a gindin marke, ga gauraki biyu suna taƙama a bakin ruwa. Na miƙa hannu zan taɓa, Baturen ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Duk abin nan Kyalla, barewar da na raina, tana bayana tana taunar bakin zanena, ba ta san danginta nake kallo ba.

A wancan zamani Turawa ba su daɗe da shigowa ƙasar ba, kuma Takur ba ta wuce 'yan gidaje a tsakanin duwatsu da dabinai ba. Daji yana farawa ne daga bayan dangarmu. Da damina mu yara aikinmu tsaron gona, mu yini muna jifan birai suna yi mana gwalo daga kan dutse, da kaka mu yi kalar gyaɗa, mu ɗebo ruwa, mu yi itace. In an samu sarari sai carafke da 'yar tsanar kara a inuwar rumbu. Ni ce Kande, mace ɗaya bayan maza uku, ga tsiwa ga rashin jin kira, amma Baba yana ji da ni. Manomi ne, safe da yamma kuma yana biya wa yaran unguwa karatun allo a zaurenmu. Ba mai duka ba ne, abu ɗaya ne kawai ba ya ɗaga ƙafa a kai. "Wanda ya fasa tulu ya faɗa ya tsira," haka yake cewa, "wanda ya yi mini ƙarya shi da tsumagiya." Na fasa tuluna da yawa, ban taɓa shan duka a kansu ba.

Shi ne ya kawo mini Kyalla. Ya tsince ta a cikin ciyawa lokacin noman farko, ko tsayuwa ba ta iya yi, karnukan mafarauta sun riga sun gama da uwarta. Ya ɗora mini ita a hannu ya ce, "Ga amana, Kande." Na ce ina tsoron in ta girma a yanka ta kamar yadda aka yi wa ɗan akuyata. Ya ce muddin yana raye wuƙa ba za ta hau wuyanta ba. Na shayar da ita nonon akuya da tsumma, na sa mata suna Kyalla saboda wani farin tabo da ke goshinta. Da ta fara cin dusa da kanwa, sai in ƙwanƙwasa gindin ƙoƙo sau uku, duk inda take ta sheƙo. Ta girma ba ta yarda da kowa ba sai ni. Yayyena sun sha gwada sa mata igiya, ta bar su da ƙura a baki, kuma ko sun ɗauki ƙoƙon sun buga ba ta ko ɗaga kunne. Inna takan ce ni da ita halinmu ɗaya, sai wanda muka ga dama muke amsa wa.

Baturen nan ya sauka ne a gindin tsamiyoyin da ke bakin hanyar Garu. Aka kafa masa tantuna uku, da gado mai naɗewa, da tebur, har da wani bahon zane da ake cika masa da ruwan zafi, abin da ya fi ba matan garin mamaki. Yana da bindigogi, amma ba a taɓa jin ƙararsu ba. Kullum da sassafe sai ya hau dutse ya zauna yana duban namun daji da ƙarfen nan nasa, yana zana su a littafi. Mutane suka rasa gane mutum da bindiga ga nama yana kallo, sai suka sa masa suna Mai Kallo. Sai dai shi bai kashe ko zomo ba, zangonsa kuwa ya kusa cinye garin. 'Yan dakonsa birjik, ga kuku, ga masu doki, ga dogarin da aka haɗo shi da shi, kowa da cikinsa. Mai unguwa ya raba wa gidaje: yara su kai itace, mata su kai gari da ƙwai, kowace rana kuma gida ɗaya ya ba da dabba. Shekarar kuwa ciwo ya shiga dabbobi da bazara, turaku duk sun zama wayam. Wajen kai itacen ne Mai Kallo ya ga Kyalla tana bina, ya sa aka kira ni kan dutsen.

Na dawo gida ranar ina ta surutu, na hana kowa sakat da labarin gwanki da gauraki. Kwana biyu bayan haka, ranar Alhamis, Inna ta haihu, aka samu namiji. A turkenmu dabba ɗaya ce ta rage, wani farin rago da Baba ya ware tun cikin Inna yana wata uku, ya ce na suna ne. Ranar Litinin mai unguwa ya zo ya daɗe a zaure. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga bayan ya tafi Baba ya shigo ya tsaya a gaban ragon nan ya daɗe, hannunsa a baya.

Washegari da aka tashi daga karatun safe ya kira ni. Yana zaune a kan buzunsa yana feƙe alƙalami. Ya ce, "Kande, Mai Kallo yana so ya zana Kyalla a littafinsa. Ki kai masa ita." Na ce, "Baba, za a dawo mini da ita?" Ya ce, "Kafin la'asar tana gida." Bai ɗago ya dube ni ba, amma ni me zai sa in lura? Mutumin da ke dukan mai ƙarya ne ya faɗa. Murna ta kama ni, barewata za ta shiga littafi tare da gwanki. Na goge mata jiki da jiƙaƙƙen tsumma, na zare jan zare daga bakin zanen Inna na ɗaura mata a wuya don ta yi kyau, na ɗauki ƙoƙona muka kama hanya.

Muna dab da tsamiyoyin sai ta toge. Ta ɗaga hanci ta shaƙi iska, jikinta ya hau ɓari, ta juya da gudu ta haye wani tudu ta tsaya can tana dubana. Ba wanda zai iya kamo ta daga nan, ko mai doki. Daji yana bayanta, taku kaɗan ne ta shige. Ita ta san abin da ta sansana, ni ce ban sani ba. Haushi ma na ji za ta kunyata ni a gaban mutane. Na ɗaga ƙoƙon na ƙwanƙwasa sau uku. Ta yi jim, ta dubi dajin, sannan ta gangaro a hankali ta zo ta cusa bakinta a tafin hannuna. Ina riƙe da wuyanta kukun ya zura mata igiya. Ya ce, "Je ki gida, yarinya, Bature yana kan dutse, sai ya sauko." Na tafi ina jin tana fizgar igiyar, har na waiwaya na yi mata tsawa na ce ta natsu.

Tun azahar na zauna a ƙofar gida ina duban hanya. Aka kira la'asar, ba Kyalla. Baba bai fito ta zaure ba, ta ƙofar baya ya bi ya tafi masallaci, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Da na tambaye shi da yamma sai ya ce in je in taya Gwaggo dafa ruwan wankan jego. Gwaggo yayarsa ce, ta zo zaman jego daga Kafin Hausa. Da gari ya waye na ɗauki itace na nufi zangon tun kafin sauran yara. A bayan madafar kukun na ga an shanya wata fata a ƙasa, an kafe gefunanta da tsinke, ƙudaje suna bi. Ga farin tabon nan. Jan zaren yana yashe a cikin toka. Ban yi kuka a wurin ba, na ajiye musu itacensu daidai inda ake ajiyewa, na ɗauki zarena na dawo.

Ranar Alhamis aka yanka farin rago, aka raɗa wa jariri suna Sulaimanu. Gida ya cika, aka yi tuwo da waina, da yamma mata suka kifa ƙore a ruwa suka fara kiɗan ƙwarya. Ni ina bayan rumbu, duk bugun da suka yi sai na dubi ƙofa, kamar za ta ji ta sheƙo. A nan Gwaggo ta same ni da ƙoƙon nama a hannu. Ita ta faɗa mini komai. Layi ya zo kan gidanmu, mai unguwa ya ce ko ragon ko barewar, don kukun ya riga ya ƙyalla ido a kanta, ya ce maigidansa ya gaji da naman rago. Ta ce, "Yaron da ba a yanka masa rago ba, har ya yi furfura ana yi masa gori. Kina so a yi wa ƙaninki?" Na ce ba na so. Na ce amma me ya sa Baba bai faɗa mini ba? Ta ce, "Da ya faɗa miki, za ki buga ƙoƙon?" Naman nan ban ci ba.

Na sha juya tambayar nan ta Gwaggo a raina. Wataƙila da na yi birgima, na yi ihu, na kore ta daji. Wataƙila kuma da na dubi jaririn nan na haƙura, na kai ta ina kuka, na yi sallama da ita. Ba a ba ni damar in san wace ce ni a cikin biyun ba. Zafin da ya zauna mini ba na naman ba ne. Baba ya san ba hannun da Kyalla za ta zo gare shi sai nawa, ya san ba maganar da zan yarda da ita ido rufe sai tasa, sai ya haɗa biyun ya yi aiki da su. Ya ci amanata, ya kuma sa na ci tata da hannuna.

Ranar Juma'a aka naɗe tantuna. Muna tsaye a bakin hanya da sauran yara ayarin ya zo wucewa, sai Mai Kallo ya gane ni ya ja linzami. Ya yi magana yana murmushi, tafinta ya ce wai ina barewata yau? Na dube shi na ce, "Kun cinye ta." Tafintan ya juya ya faɗa masa wani abu gajere. Baturen ya gyaɗa kai cikin jin daɗi, ya miƙo mini ƙwayar sukari, ya wuce. Har yau ban san me aka gaya masa ba. Na damƙe sukarin a hannuna har ya narke.

Ni da Baba ba mu sake tayar da maganar ba. Na ci gaba da kai masa ruwan alwala, duk izun Alƙur'anin da na karanta a gabansa na karanta shi, amma in ya ce abu, sai na samu kaina ina duban hannunsa in ga ko yana feƙe alƙalami. Ban kuma sake ganin ya daki yaro a kan ƙarya ba. Sule a bayana ya girma, ni na goye shi har ya yi ƙafa, kuma har ya yi jikoki ina tsokanarsa da cewa ya ci mini barewa tun bai yi haƙori ba. Baba kuwa sai a ciwon ajalinsa ya kama hannuna, ina da 'ya'ya huɗu a lokacin, ya ce, "Kande, la'asar ɗin nan. Ki yafe mini." Na ce na yafe. Ina roƙon Allah ya sa gaskiya na faɗa masa.

Yanzu fadamar nan duk gonaki ce, inda tsamiyoyin suke an yi gine-gine, yaran Takur kuwa sai a littafin makaranta suke ganin barewa. Bara jikana Habu ya matsa sai da ya kai ni wani gandun namun daji mai nisa, inda ake kama ɗaki a kwana, da safe a zaga da mutane a mota su yi kallo. Ashe sana'ar Mai Kallo ce ta zama ta kowa. A rana ta biyu muka ci karo da wata barewa a bakin hanya, ta ɗaga kai, jikinta yana ɓari, ƙafa ɗaya a sama. Habu ya ɗaga abin ɗaukar hotonsa ya ce, "Kaka, ɗan ƙwanƙwasa jikin motar ta juyo." Sai na ga har na lanƙwasa yatsuna. Na mayar da hannuna cikin mayafi na ce ya bar ta ta tafi, ta kuwa yi tsalle ɗaya ta shige daji. Tsoron nan da ya tsirar da ita, shi na raba Kyalla da shi.