Kartar da Aka Ce Ta Kori Hadari

Dabon karta a Tawa na koye shi, wajen wani tela mutumin Maradi da ke da shago bayan babbar kasuwa. Lokacin na gama karatun aikin jinya, ina jiran a tura ni wurin aiki, ba ni da abin yi sai zaman bencinsa. Ba shi da laya, ba shi da turare. Yatsu ne kawai da iya baki.

Wasannin da ya koya mini ba su da yawa. Akwai wanda mutum zai zaɓi karta, a soka ta tsakiyar sauran, a ƙyasta yatsa, sai ga ta a sama. A sake sokawa, ta sake hawowa. Akwai wanda ake cakuɗa ja da baƙi su rabu da kansu. Amma wanda na fi so shi ne na tafin hannu. In nuna maka karta, in kife maka ita a hannu, ka danne da ɗaya hannun. In hura iska, in ce "Tafi!" Ka buɗe ka ga wata ce daban, taka kuma in zaro ta daga cikin hularka.

Cikin farin nan na shekarun tamanin ina aiki a wani ƙaramin ɗakin shan magani, a wani gari da ke gaba da Barmu. Ni kaɗai ne ma'aikacin lafiya, don haka kowa likita yake ce mini. Damina ta yi nisa a lissafi, amma a ƙasa babu ita. An yi shuka ta ƙone, an sake ta sake ƙonewa. Fulani da Buzaye sun gangaro daga arewa ba dabba ko ɗaya, sun kafa 'yan bukkoki na tabarma da tsumma a bayan gari. Gwamnatin soja ta turo wani sarjan da sojoji kaɗan su tsare rabon jar dawar taimako. A zamanin ma'aikaci ba ya son sunansa ya je Tawa, ko da alheri ne. Mota kan zo ta ɗauki mutum, iyalinsa su kwana biyu ba su san inda yake ba.

Sai ƙyanda ta shigo sansanin. An aiko mini da allurar rigakafi, ina ajiye ta a firiji mai aiki da kananzir, kananzir ɗin kuma ya kusa ƙarewa. Yara kuwa da sun hango farar rigata sai su watse. Nan na tuna da kartata. Nakan zauna gindin wata aduwa kusa da rijiya, in fara wasa ni kaɗai kamar ban damu da kowa ba. Kafin wani lokaci yara sun kewaye ni, iyaye mata suna bayansu. Wanda ya yarda aka yi masa allura, shi za a kife wa karta a hannu. Abin ya yi aiki sosai. Har manya suka fara tsayawa kallo, mutanen da suka daɗe ba su yi dariya ba.

Wata ranar kasuwa da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda ba mu gani ba tun farkon shekara. Kwana kaɗan kafin nan gari duka an fita roƙon ruwa. Iska mai sanyi ta fara kaɗawa, mata suna fitar da tukwane da ƙore. Ni ina gindin aduwa, sauran yara kaɗan ban yi wa allura ba, ina sauri in gama. Na kife wa wata yarinya kartar sarki baƙi a hannu, na cika baki da iska na hura, na ɗaga murya don masu baya su ji.

"Tafi!"

Ta buɗe hannu, ta ga bakwai ja. Aka yi shewa. Ban san ko minti nawa aka yi ba bayan nan, iskar ta juya. Hadarin ya tsage biyu, ya yi kudu, ya bar mu da ɗigo 'yan kaɗan da ko ƙasa ba su jiƙa ba. Kasuwa ta yi tsit. Ina tattara kayana na ga wani tsoho ya tsaya yana kallona. Na san shi, manomi ne, gonarsa tana kan hanyar rijiya. Irinsa na ƙarshe ya zuba a shukar da ta ƙone.

Washegari ba wanda ya zo gindin aduwa. Jibi ma haka. Matar da ke kawo mini fura ta aiko cewa ba ta da lafiya. In na yi sallama a majalisa, a amsa ciki-ciki, hira ta mutu sai na wuce. Wani mai shayi da muke ɗasawa ne ya ja ni gefe.

"Likita, ka san mi aka cewa? Wai kai ka hure muna ruwa. Wai baƙar kartar nan hadarin ne, kai ka ce mashi shi tahi."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

"Kak ka yi dariya," ya ce. "Mutane na jin yunwa."

Da wata ranar kasuwar ta zagayo, ina cikin wanke allurai da hantsi sai na ji hayaniya. Na leƙa ta taga. Mutane ne cike da filin gaban ɗakin magani, wasu da sanduna, wasu da hauya. Dutse ya faɗo bisa kwanon rufi, ƙarar ta ratsa ni har cikin haƙori. Wani ya biyo. Ƙofar katako ce mai sakata ɗaya, na san ba za ta tsare kowa ba. Na tsaya riƙe da kwanon allurai, na rasa inda zan ajiye shi.

Sai muryar sarjan ta tashi, hayaniyar ta ja baya. Ya buga ƙofar da gindin bindiga, ya kira ni da sunan ma'aikacin jinya a Faransanci.

"Anfirmiye! Buɗe. Ɗauko kartar ka biyo ni."

Ya sa ni gaba har ƙofar maigari, taron yana biye da mu. Maigari yana zaune bisa tabarma, liman a gefensa. Sarjan dogo ne, mutumin yamma, Hausarsa ta bariki ce. Bai zauna ba.

"Ni ban san aljani ba," ya ce. "Abin da na sani, an tara jama'a ba izini, kuma ma'aikacin gwamnati yana karta a bakin aiki. In caca ce, Tawa. In tsafi ne, Tawa. In kuma an jefi gidan gwamnati a banza, waɗanda suka jefa su ne za su Tawa. Bon, to, wa ya kawo ƙara?"

Tsohon nan ya fito. Ba ya ihu, da ma ihun ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ranka shi daɗe, da idona na gani. Ya hura, ya ce tahi, hadari ya tahi. Ban ce mugu ne ba. Ya yi ma jikana magani, ya warke. Amma abin da na gani, na gani."

Liman ya dube ni. "Likita, abin ga da kake yi, da wa kake yi nai?"

"Allah gafarta malam, ba kowa. Yatsu ne."

"To gwada muna."

Na fiddo kartar daga aljihu. Waɗanda ke kusa suka ja da baya, wata mata ta rufe wa ɗanta ido. Gumi ya jiƙe yatsuna. Sirrin wasan ƙanƙane ne: karta biyu ake ɗagawa a manne kamar ɗaya. Mutum ya ga fuskar ta ƙasa, a mayar da su a kife, a ba shi ta sama. Tun kafin a hura iska, abin da ke hannunsa ba abin da ya gani ba ne. Na yi ƙoƙarin ɗagawa, biyun suka zame, rabin kartar ya watse a ƙasa.

Wani daga baya ya ce, "Aljanun sun gudu sun bar shi! Don ga malam zaune!"

Taron ya motsa gaba. Soja ɗaya ya gyara riƙon bindigarsa, na ji ƙarar ƙarfen. A lokacin na gane ba ni kaɗai ke cikin haɗari ba. In dutse ɗaya ya tashi, yaron sojan nan zai harba, kuma mata da yara ne a sahun gaba.

Na durƙusa na tsince kartar ɗaya bayan ɗaya, na goge hannuna da rigata. Na lura in ni na yi, ko sau nawa na bayyana, za a ce baki ne kawai. Sai na juya wajen tsohon.

"Baba, kai za ka yi."

"Ni? Allah shi kiyaye."

"Kai kowa ya san ka. Kowa ya san ba ka da iskoki. In ta canza a hannunka, ka ga ba ni ba ne."

Ya dubi liman. Liman ya ce, "Yi bisimilla ka karɓa."

Ya karɓa kamar an miƙa masa garwashi. Na zauna kusa da shi a ƙasa, a fili, kowa yana gani. Na nuna wa jama'a karta biyun da ke sama, sarki baƙi da bakwai ja, na ɗaga su sama na juya kowane gefe. Na ɗora bakwai a kan sarki. Na kama babban yatsansa na nuna masa yadda zai tura biyun tare. Yatsun nan sun sha hauya, duk kanta da tsaga, ba sa jin kaurin takarda. Ya ɗaga uku. Ya sake, ya ɗaga ɗaya. Rana ta take. Ina jin numfashin mutanen da ke tsaye a kaina.

Can ya kama biyu. Ba su manne da kyau ba, gefen ta saman yana leƙowa, amma ya ɗaga.

"Mi kuke gani?" na tambayi jama'a.

"Sarki baƙi."

"Baba, mayar ka kife. To, miƙa ta saman." Na rasa wa zan ce ya ba, sai na ga sarjan ya miƙo hannu da kansa. Tsohon ya aza masa, sarjan ya danne.

"Sai ka hura," na ce.

"Ba ni hurawa."

"To kar ka hura. Shef, buɗe."

Sarjan ya buɗe hannu. Bakwai ja. Ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga wa mutane. Tsohon ya kalli kartar da ta rage a saman hannunsa, ya juya ta a hankali, ga sarki baƙi yana nan inda yake. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ashe bai tahi ko'ina ba," ya ce.

Wata tsohuwa ce ta fara dariya, wasu suka kama. Ba duka ba. Na ga fuskokin da ba su sake ba ko kaɗan, na ga masu sanduna suna sulalewa ta bayan masallaci. Maigari ya ce magana ta mutu, kowa ya kama gabansa. Liman ya ce ko ba tsafi ba ne, karta ba abin kai wa gaban yara ba ce, a ƙone ta. Sarjan ya ce kayan shaida ne, ya karɓe ta ya sa a aljihu. Ya ja ni gefe, ya sassauta murya.

"Ban rubuta komai ba. Amma in na sake ganin ka da karta, ni da kaina zan kai ka."

Bayan kwana biyu na wuce ta gaban rumbun dawa, na tarar da sojojinsa suna buga wasan belot da kartata.

Mata suka fara dawowa, amma da kaɗan-kaɗan, kuma yanzu sai an danne yaro yana tsala ihu. Daga sansanin bayan gari wasu ba su sake zuwa ba sam. Na bi su bukka-bukka da akwatin allura, wasu suka karɓe ni, wasu suka saki tabarmar ƙofa. Kananzir ya ƙare kafin in gama, sauran maganin ya lalace. Ƙyanda ta ɗauki yara a bukkokin nan, ciki har da waɗanda na san fuskarsu daga gindin aduwa.

Ruwan kirki bai sauka ba shekarar. Da kaka ta zo ba abin girbi, gari ya fara watsewa, gida-gida ana toshe ƙofa da ƙaya ana yin kudu. Tsohon ya zo wurina da safen da za su tashi. Iyalinsa suna bakin hanya da jaki ɗaya, za su nemi wani ɗansa da ke dako a Sakkwato. Idonsa ke ciwo. Na ɗiga masa magani, na ba shi sauran kwalbar, na nuna wa surukarsa yadda za ta riƙa sa masa a hanya.

Ya tashi, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya.

"Likita, ka zo mu tahi. Nan ba sauran kowa."

Na ce masa ba ni da izinin barin wurin aiki. Ya gyaɗa kai, ya yi mini addu'a, ya bi bayan jakin. Ni kuma na zauna a garin har sanyi ya shiga, kafin a mayar da ni Tawa.