Motar Gwangwanin Gwaggo Almakashi

Faɗan da Gwaggo Almakashi ta sha kashi a cikinsa da mai shayin bakin titi ta yi shi, a kan gwangwanayen madarar da aka riga aka shanye. Ita ta ce abin da ya shiga bola ya fita hannun mai shi. Shi ya ce ai bolar ma tasa ce. Ta kama bakin buhu, ya kama gindinsa, suka yi ta ja kamar karnuka biyu da ƙashi ɗaya.

"Saki, tsohuwar banza!" in ji mai shayi.

"Kai ka saki, mai sayar da ruwan zafi da sunan shayi!"

Sai kuwa ya saki. Ta tafi da baya-baya ta zauna daram a cikin kwata, gwangwanaye suka bi ta suna kiɗa, haƙorinta na gaba ya yi sallama da ita. Tun daga ranar, sai ta wanke masa kofuna yake barinta ta tsinci gwangwani.

An sa mata Almakashi ne don ba a san wanda ya fi kaifi ba, na hannunta ko na bakinta. Ɗakinta yana ƙarƙashin matakalar bene a wani gidan haya, irin ɗakin da in za ka miƙe ƙafa sai ka nemi izinin ƙofa. Nata 'ya'yan sun girma sun watse, sai ta mallake na mutane. Da yamma ƙananan yaran gidan kan zagaye ta kamar ƙudaje. Ta yanka gwangwani ya zama mota, ta fafe tayoyi daga tsohon silifa. Ƙyallen da tela ya zubar ya zama 'yar tsana mai gashin zaren buhu. In ta ga dama ta narkar da sukari a 'yar tukunya, ta matsa lemon tsami, ta ɗiɗɗiga a farantin da ta shafa wa mai, ta soka tsinke, kowa ya samu abin lasa.

Doka ɗaya gare ta. Kowane bakin gwangwani sai ta lanƙwasa shi da filaya, ta daddake da guduma, sannan ta goga shi a leɓenta na ƙasa. In ya yanke ta, ya koma ƙarƙashin guduma. Shi ya sa leɓen duk tabo ne, kamar katakon mahauci.

Mai gidan kuwa ya daɗe yana neman dalilin korarta, yana so ya fasa bangon ya mai da ɗakin shago. Ita ma ta sani. In ta rasa ɗakin nan, babu inda za ta sa haƙarƙarinta.

Makanikin da ke zaune a sama shi ya kusa ba shi dalilin. Ƙato ne, hannunsa ya saba da ƙarfe har ya manta mutum da nama aka yi shi. Wata yamma yana saukowa, ya taka motar da 'yarsa Auta ta bari a matakala. Ƙafa ta kwashe, ya gangaro da mazaunai har ƙasa. Yara suka fashe da dariya. Ya tashi idonsa jajir, ya dinga tattaka motar da takalminsa har gwangwanin ya dare, kaifin bakinsa ya fito. Sannan ya juya ya zabga wa Auta mari. Yarinyar ta kife a kan gwangwanin, tafin hannunta ya tsage, jini ya yi tsartuwa a siminti.

Ganin jinin, maimakon ya ji kunya, sai ya yi kan Gwaggo. Ya sa ƙafa ya shure tukunyar da ke kan wuta, narkakken sukari ya fantsamar mata a ƙauri, ya manne, fata ta saluɓe. Ba ta yi ihu ba. Gudumar ta ɗauka ta sauke masa a ƙoƙon gwiwa, ji kake ƙwas! Ya durƙusa kamar raƙumin da za a yi wa lodi. Ya damƙo wuyanta ya shaƙe, ita kuma ta kafa masa sauran haƙoranta a dantse. Sai da tela da mai wanki suka taru kafin aka ɓamɓare su.

Mai gida ya iso yana haki, murna na neman fasa masa fuska.

"Alhaji, ka gani da idonka!" in ji makaniki, yana ɗaga hannun Auta. "Tarkacen matar nan ya yanka mini 'ya. Ko ita ko ni a gidan nan!"

"To, Gwaggo, kin ji," mai gida ya ce. "Gobe ki tattara gwangwanayenki. Ba zan zuba ido a yi mini kisa a gida ba."

Gwaggo ko kallonsa ba ta yi ba. Ta janyo Auta ta zaunar a cinya, ta wanke ciwon, ta yagi ƙyalle mai tsabta ta ɗaure.

"Yi shiru, uwata. Gobe bas zan ƙera miki."

"Da ke nake magana!" mai gida ya daka tsawa.

"Na ji ka, Alhaji, ba kurma ba ce ni. Gurguwa ce dai tun ɗazu."

"Gwangwaninki ne ya ji mata ciwo ko ba shi ba ne?" makaniki ya ce. "Faɗa a gaban jama'a!"

Sai ta kama haɓar yarinyar a hankali, ta juya kuncin wajen haske. Shatin mari ya taso ruɗu-ruɗu tun daga kunne har gefen baki. Matan gidan suka matso suna salati. Mai wanki ya ajiye bokitinsa ya tsaya a bayan Gwaggo, tela ma haka. Mai gida ya dubi mutanen da ke biyansa haya, ya ja da baya, ya bar zancen kora.

Gwaggo ta tofar da jinin bakinta gefe, ta dubi makaniki sama da ƙasa.

"Ɗan nan, na tsufa ina yankan gwangwani," ta ce, "amma ban taɓa ganin mai yatsu biyar ba."