Koriyar Tukunyar Gas

Ɗiyata ce ta jawo mani, kuma da kyakkyawar niyya ta yi, shi ne ma abin haushin. A Yamai take aiki a wani biro, ofis ke nan. Ta zo hutun babbar salla, ta zauna ƙofar madafa tana kallona ina girgiza tukunyar gas in ji ko da saura. Ta ce, "Inna, kawo salularki." Na miƙa mata, hannuna duk mai. Ta yi ta danne-danne, sannan ta fiddo wata ƴar takarda mai gam daga jakarta, mai ɗigo-ɗigo baƙi kamar kashin ƙuda, ta liƙa a kafaɗar tukunyar. Ta ce ta sa ni cikin wani tsari: na'ura ce ke duba kamfanonin gas, duk wanda nashi ya fi sauƙi sai ta mai da gida wurinshi, ba sai an tambayi kowa ba, su kawo har ƙofa. Nama nake soyawa, hayaƙi na shiga mani ido. Ban ji rabin maganar ba.

A layinmu na unguwar Zariya tukwanen gas duka koraye ne. Kamfani guda, kai iri guda, na dannawa. Ba shawara muka yi ba, mai gas ɗin bakin titi kore kaɗai yake karɓa. Amma daga baya abin ya zamo mana hanyar zama. In gas ya ƙare maki tuwo na kan wuta, ki leƙa katanga ki ce, "Maƙwabciya, taki na da nauyi?" Sai a mirgino maki. Wadda ta ƙarar ita ke kai wa mai gas. Ranar suna ko rasuwa, tukwanen layi duka a gida guda suke kwana. Ba wadda za ta rantse cewa tukunyar da ke madafarta ita ce ta saya.

Bayan salla da ɗan lokaci saƙo ya shigo, da Faransanci. Ni sai da na aurar da yara na shiga ajin yaƙi da jahilci. Hausa nake karantawa yadda nake so, Faransanci kuwa sai na sa yatsa ina bin shi kalma-kalma. Na zauna na bi shi har ƙarshe, sau biyu. An mai da gidana wani kamfani. Mota za ta zo da jar tukunya, ta tafi da koriyar.

Na san jar. Kanta na murɗawa ne, ba ya hawa murhun kowa a layin, namu ma ba ya hawa kanta. Ranar da ta shigo gidana, ba ni ara, ba a ara wurina. In ta ƙare da tsakar rana sai in zauna jiran mota kamar mai jiran baƙo daga Makka.

Na kira ɗiyata. Ta ce, "Inna, ai sauƙi ne gare ki." Na ce, "Ke, ni na ce maki ina neman sauƙi?" Ta yi ajiyar zuciya, ta ce to in buɗe abin, akwai wurin sokewa, zai ce in nuna mashi takardar nan da ta liƙa.

Na shiga madafa. Tukunyar da ke nan ba takarda jikinta. Na juya ta, na kwantar, na duba har gindi. Ba ita ba ce.

Gidan da ke jikin nawa na wata ƙawata ne, Kirista ƴar Tibiri, matar mushen lakwal, wato malamin makaranta. Na same ta tana wanki, na tambaye ta tukunyar mai takarda. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, mai tambarin nan? Ai ta daɗe da barin gidana. Matar tela ta ɗauka ranar da baƙinta suka zo." Matar tela ta ce wallahi ta ga tambari, amma ƙanenta ya ɗaura ta a babur ya kai Jiratawa, matarshi ta haihu, ana ta dafa ruwan wanka. Ba wadda ta yi laifi cikinsu. Da ni ce ma haka zan yi.

Na hau kabu-kabu, ga ni da ciwon gwiwa, ga hanya ta ci ruwa. Muka bi ta gefen gonakin zogale, mai babur na kauce wa rami yana faɗawa wani. Na isa Jiratawa bayana kamar an daka. Na yi barka, na ɗauki jinjiri, na sha kunu, don ba a shiga gidan haihuwa a fara da tambayar tukunya. Sai da aka natsa na ce in ga gas ɗinsu.

Tana nan bayan ɗaki, tana ƙyalli. Kakar jinjirin mace ce mai tsafta, ta sa toka da soson ƙarfe ta dirje ta tas. Takardar saura kusurwa guda. Tsohuwar ta ce, "Wata ƙazanta ce na gani manne, da ƙyar ta fita." Na ce, "Sannu da aiki, Iya." Me zan ce? Na dai nuna wa salula kusurwar. Ta yi ta juyi, ta ce ba ta gane ba. Na matsa rana, na matsa inuwa, na goge da bakin zane. Ba ta gane ba.

Da na dawo gida na kira lambar da ke ƙasan saƙon. Na'ura ta ce in danna wannan, in danna wancan, ta sa mani kiɗa har kuɗin wayata suka kusa ƙarewa. Daga ƙarshe wata yarinya ta ɗauka, muryarta a gajiye kamar tawa. Na ce ta yi Hausa, ta yi.

"Madam, tukunyarku tana ina?"

"Tana Jiratawa."

"Kun sayar ne?"

"Haihuwa aka yi."

Sai ta ce, "To wadda ke gidanku ta wa ce?"

"Ta layi ce."

"Madam, a wurinmu kowane gida da tukunyarshi."

"A wurinku. Ƴar nan, kin taɓa tuƙa tuwo wuta ta mutu a tsakiya?"

Ta ce ta taɓa. Amma ita ba ta da ikon sokewa sai da takardar, abin da kaɗai za ta iya shi ne ta rubuta cewa na yi ƙorafi. Na ce ta rubuta da manyan baƙaƙe.

Motar ta zo wata safiya, ina shara. Direban dattijo ne, ya sauko da jar tukunya a kafaɗa ya yi sallama. Na jawo koriyar bakin zaure, na gyara zane, na zauna a kanta.

Ya ce, "Hajiya, lafiya?"

"Lafiya lau. In za ka ɗauka, haɗa da ni."

Mata suka fara leƙowa. Ƴar Tibiri ta ce daga ƙofarta, "Malam, ka shirya, ta fi buhun gero nauyi!" Direban ya ajiye jar a ƙasa, ya share zufa da hularshi. Ya ce shi aike ne aka yi mashi, bai karya kumallo ba ma, kuma in ya koma da ita sai an yi mashi faɗa. Na sa aka kawo mashi koko da ƙosai. Ya ci a tsaye, ni ina zaune inda nake. Da ya gama ya danna wani abu a wayarshi, ya ce ya sa mai gida ta ƙi karɓa. Ya saɓa jar ya tafi.

Da la'asar saƙo ya shigo: an soke canjin. Na bi shi da yatsa har ƙasa, sai ga wani layi, wai na'urar za ta ci gaba da duba mani, in ta ga mai sauƙi za ta sake mai da ni.

Na kira ɗiyata na ce ta fidda ni gaba ɗaya, yanzu, ina kan waya. Na gaya mata Jiratawa, na gaya mata gwiwata. Ina jin tana ta dannawa. Ta ce, "Na cire. Ni dai so na yi in rage maki wahala, tunda ba ni kusa." Muryarta ta yi ƙasa, na san ta ji zafi. Ya kamata in lallashe ta, amma ƙarfina ya ƙare. Na ce, "Allah ya yi maki albarka, gobe ma yi magana." Na ajiye wayar, na shimfiɗa tabarma, na ɗora ƙafafuna a kan turmi don kumburin ya sauka.