Bangon Inna da aka shafe da siminti

Har yau in na tuna hoton da Kawu ya turo min a waya sai raina ya ɓaci. Bango ne sumul, an shafe shi da siminti, an buga masa shuɗin fenti. Ƙasan hoton ya rubuta wai an gyara ɗakin Inna.

Inna kakata ce, wadda ta haifi mamata. A Bungudu ta yi aure, amma 'yar Tsafe ce, kuma daga can take sa a kawo mata jar ƙasa. Ta kwaɓa, ta yaɓa a bango, ta bi da yatsu tana jan layi tun ƙasar na da danshi. Ƙaramin yatsanta a karkace yake, shi ya sa layinta na ƙarshe kullum sai ya kauce wa 'yan uwansa. Wannan bangon ne zanen da na fara gani a duniya.

Ni a Gusau na koyi fenti, ina zana wa masu aski kawunan mutane a allon shago, ina kwaikwayon abin da na gani a waya. Bayan rasuwar Inna ne na gaji da kwaikwayo, na fara zuwa Bungudu ina zama gaban bangon ina koyon hannunta. Ban kai rabi ba. Na roƙi Kawu kar a taɓa, ya ce to.

Ina ganin hoton na hau mota sai Bungudu.

"Kawu, me na ce maka?"

"Kai yaro, laka ce hwa! Baƙi na zuwa, su ce muna kwana cikin rumbu?"

"Hannun uwarka ne a jiki!"

"Hannun uwata na kabari. Kai da kake mai fenti, zana muna hurannin nan irin na otal, ka sa barka da zuwa."

Furanni! Wallahi da ba kawuna ba ne da na faɗi abin da za a kira taron dangi a kai.

Na ɗan yi fatan zanen na nan ƙarƙashin simintin. Ina! Siminti ba ya kama laka sai an sassare ta, don haka magini ya bi bangon da gatari kaf. A bayan gida na tarar da ɓaraguzan, awaki na hawa. Na kwashe a buhu, Kawu na dariya wai ɗan birni ya zo kwasar shara.

Na daka su, na tankaɗe, na haɗa da ƙaro. Da su nake zane yanzu, da yatsu, na ajiye buroshi. Layin ƙarshen nan ya ƙi fita, yatsana miƙe yake. Buhun kuma ya kusa rabi.

Jiya Kawu ya sake kira, wai yaushe zan zo maganar furannin. Na ce ya nemi maginin nasa ya zana masa da gatari.