Daminar da na yi wa kwaɗin Inna dakon ruwa

Shekarun baya, ina zaune a shagon ɗinkina a Gummi, wani mutumin ƙauyenmu ya leƙo ya ce mahaifiyata ta ce in zo yau ɗin nan, baƙinta na cikin wahala. Na tambaye shi su wane ne, ya ce shi ma bai sani ba. Na ajiye rigar da nake yi wa wuya, na kira abokina mai kabu-kabu, muka kama hanyar Bukkuyum nan take a kan babur ɗinsa, don Inna ba ta aike a banza.

Ba mu same ta a gida ba. Tana can bakin fadama, ƙarƙashin kanya, ta miƙe ƙafafunta da suka daɗe suna mata ciwo. Na durƙusa na gaishe ta da ƙarfi, saboda a lokacin kunnenta ya fara nauyi, sannan na ce ina baƙin? Ta ɗaga sanda ta nuna ɗan kwarin da ke ƙarshen gonarmu. Ruwan da ya rage a ciki bai wuce faɗin tabarma ba, ya yi baƙi ƙirin da 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya, suna ta motsi a kan juna.

Abokina ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ni kuwa na tsaya da farar shaddata, na rasa ko in yi dariya ko in yi fushi.

Akwai wani ƙaramin kwaɗo kore da bai kai kan babban yatsa ba, mu a gidanmu ɗan tsanwa muke ce masa. Yana maƙalewa a jikin ciyawar ruwa, kukansa kamar ana ƙwanƙwasa cokali a bakin tasa. Marigayi mahaifina bai taɓa zuba iri a ƙasa ba sai ya ji wannan kukan. Ko duk gari sun yi shuka da ruwan farko, shi sai ya ce a jira, ɗan tsanwa ba ya magana sai damina ta zauna. Muna yara ko'ina ka juya a fadama su ne. Daga baya maganin feshi ya shigo, aka kuma riƙa wanke ƙasar zinare a tafkuna, shi kuwa kwaɗo ta fatarsa yake shan duk abin da ke cikin ruwa. Tafki bayan tafki ya yi shiru. Kwarinmu kaɗai ya rage, don Inna ta hana a yi feshi kusa da shi. To a wannan shekarar, bayan sun zuba ƙwai sun ƙyanƙyashe, sai ruwa ya ɗauke.

Na ce, "Inna, ai abu mai sauƙi ne. A ba ni ƙwarya in kwashe su in zuba a gulbi."

Ta ce, "Ka kai ma kifi kalaci ke nan. Mi kaka tsammani yas sa uwayensu sunka baro gulbi sunka zo nan? Ruwa za ka kawo musu, har su yi ƙahwahu su hita da kansu."

"Ni? Da girmana?"

"Girman naka ai shi za ya ɗauki jarka."

Sannan ta kafa sharuɗɗa. Ban da jarkar da ta taɓa ganin maganin feshi ko fetur. Ban da ruwan tafkin masu zinare. Kuma ba a kwarara shi gaba ɗaya, a gefe ake zubawa a hankali, kada laka ta tashi ta shaƙe su. Ita ta riga ta jera karan dawa a sama, inuwa ga ruwan, katanga ga zalɓen da ke shawagi a wurin tun safe.

Haka na zama ɗan garuwa. Safe da yamma muna gulbi, abokina yana tuƙi, ni ina baya rungume da jarkoki, ruwa na zuba mini a cinya. Shaddar nan ba ta sake zama fara ba har ta mutu. Masu zama gindin bishiyar bedi suka samu abin yi. In mun wuce sai wani ya ce, "Sannu da aiki, Sarkin Kwaɗi, ya jama'arka?" Wani dattijo ya tambaye ni, fuskarsa ba ko murmushi, ko in sun girma ni zan ɗinka musu kayan salla. Abokina ma da muke shan wahalar tare bai ƙyale ni ba, kullum sai ya ce, "Wagga hidima, ko bukin ƙanenka ba ka yi irinta ba."

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya sosu. Ga ɗinkin mutane na jira a Gummi, ga rana, ga ruwan da muke zubawa ƙasa na shanye rabinsa kafin mu dawo. Wata rana da azahar muka tarar gefe guda ya bushe, waɗanda ke wajen sun manne a laka. Inna ta daɗe tana kallonsu, sannan ta sa bakin zanenta ta share ido. Tun daga ranar na daina ƙorafi, muka ƙara sawu.

A hankali ƙafafun baya suka fito, sannan na gaba, wutsiya ta riƙa guntulewa. Ni da na zo ina ƙyama, sai ga ni a tsugune ina kiran Inna ta zo ta ga wani da ya hau kan kara, ɗan mitsitsi, kore shar. Ana cikin haka hadari ya haɗo daga gabas, aka kwana ana ruwa, kwari ya cika ya batse. Na koma shagona na ba masu kaya haƙuri.

Da damina ta zagayo na je gida da niyya. Gab da magariba muna zaune ni da ita a bakin gona, ƙasa na ƙamshin ruwa, sai na ji shi. Ɗaya ya fara, wani ya amsa, can sai duk kwarin ya ɗauka. Na kasa kunne sosai, don rabona da jin su da yawa haka tun mahaifina na da rai. Na juya ina murmushi in ga fuskar Inna, sai na ga ni take kallo, ba kwarin ba.

Ta ce, "Sun yi magana?"

Na ce, "Inna, ba ki ji ba?"

Ta girgiza kai. "Na daɗe ban ji su ba. Tun kahin babanku ya rasu kunnena ya bar kama ƙaramar murya. Huskarshi nika dubi in gane. Yanzu taka nika dubi."

Na ce to don me duk wannan wahalar, abin da ba ta ko ji?

Ta ce, "Ni na gama jin rabona. Ku nika aje ma. Tashi ka hiddo iri, gobe shuka."

Inna ta rasu bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙanta da rahama. Gonar tana hannuna, kuma har yau ba a feshi a wannan kusurwar, ko da ciyawa za ta kai ƙugu. Mutane sun ci gaba da kirana Sarkin Kwaɗi, ni ma na daina musu, har amsawa nake yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta zauna a rana da ciwon ƙafa tana gadin muryar da ba za ta sake ji ba. Duk farkon damina nakan kai 'ya'yana bakin kwarin gab da magariba. In kukan ya tashi, ni ma yanzu ba ruwan nake kallo ba, fuskokinsu nake kallo.