Yadda Na Goge Mutum Goma Sha Ɗaya Da Yatsa Ɗaya

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Ni ɗalibi ne a Talata Mafara, kimiyyar kwamfuta nake karantawa, kuma da kun san ni shekara biyu da sunka wuce, da kun ga ɗan iyayi na ƙarshe. Babanmu mahauci ne, yayyena duk suna rumfa suna fama da wuƙa da sikeli, ni kaɗai ke yawo da jakar laftof a baya ko da babu caji cikinta. Yatsun ga nawa kuwa sai dai a ce ma sha Allah. Kafin ka gama sallama a gurup na tura sitika uku, na ba mutum biyu amsa, na canza sitatus. Abokai na ce mani Injiniya, ni ko in amsa da ƙarfi kamar da shi anka yanka mani rago. Abu guda ne ba mu ga maciji da shi, lissafi. Kari-oba gare ni a kwas ɗin, wato na faɗi sai na sake zama, kuma ko a jikina.

Ba ni kaɗai ba ne fa. A gurup ɗinmu na 'yan aji akwai wani siniya, ɗan ajin gaba da mu, da muke yi wa kallon ƙwaro, shi ya ɗora mu kan aƙidar cewa lissafi aikin 'yan wahala ne. Kullum cewa yake firogiramin ba komi ba ne illa ka san inda za ka kwafo kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ka liƙa, ka danna, in ya yi aiki ka yi shiru da bakinka. Ya ce a nuna mashi wanda ya taɓa cin tuwo da lissafin aji. Mu ko mu bi shi da tafi. A gida kuma ra'ayin daban ne. Babanmu ya ɗauki laftof talabijin ce mai tsada, yayyena suna tsokanata wai in databes ɗin nan tawa, rumbun ajiyar bayanai da nake cika masu baki da shi, ta isa, ta dubi sa ta faɗi nauyinsa. Ni dai na ƙudura sai na nuna wa kowa.

Sai ga dama ta faɗo. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne shugaban wata ƙungiyar masu noman rani a wajen Bakura. Mutum ɗari da 'yan kai ne daga ƙauyuka huɗu, shinkafa suke yi a fadama, injinan ban ruwa na ƙungiya ne, kowa da ranar da ake sako mashi ruwa a fangalinsa. Mai riƙe da littafin rabon ruwan wani dattijo ne, tsohon malamin lissafi na firamare, abokin kakana, Malam kowa ke ce mashi. Na ce wa Kawu ai zamanin littafi ya wuce, ya bar ni in zuba masu komi a databes, in fitar masu da jadawali tsaf, ni kuma in samu firojet. Kawu ya ji daɗi, ya karɓo mani littafin aro na kwana uku.

Kwana biyu na gama shigar da shi. Na yi gurbin suna, gurbin sunan uba, gurbin rana. Sai dai a gefen wasu sunaye akwai 'yan zane-zane da jan biro, nan ɗan ƙaho, can da'ira, wani wurin kamar giginya, wani doguwar sanda. Na ce tsufa ne ya sa Malam wasa da biro, na tsallake su. Da na jera sunayen, sai na ga abin da ya sa na miƙe tsaye. Suna guda, da sunan uba guda, har sau huɗu. Wani sau uku. Wasu biyu biyu. Nan take na ɗauki hoto na tura wa siniya a gurup. Bai yi minti ɗaya ba ya amsa da cewa na kama ɓarawo, sunayen bogi ne, haka ake yi ko'ina. Ya turo mani umarni layi ɗaya, wanda zai bar na farko ya share sauran. Ban karanta ba, ban tambayi kowa ba, na liƙa na danna. Mutum goma sha ɗaya sunka ɓace. Wallahi har rawa na taka a ɗaki.

Ranar taro, bayan la'asar, ƙarƙashin wani mangwaro, na ɗora laftof kan benci na gyara murya. Ban kira suna ko ɗaya ba, don ina son abin ya yi armashi. Cewa na yi databes ta kamo sunayen bogi goma sha ɗaya, sai a tambayi mai littafi ina ruwansu ke zuwa. Wuri ya kaure. Wani matashi ya ce ai ba sai an tambaya ba, gonar wanda ya ga Malam da goro yake zuwa. Malam bai ɗaga murya ba. Ce mani ya yi ɗana, ya tambaye ni ina na kai alamominsa. Ni kuma, Allah Ya yafe mani, na ce kwamfuta ba ta da gurbin zanen 'yan aji ɗaya. Anka bushe da dariya. Malam ya roƙa a karanto sunayen ya yi bayani, matasa sunka ce ba sa son kwana-kwana, kwamfuta ba ta ƙarya, ba ta da suruki, ba ta cin goro. Malam ya cire tabarau ya goge, ya miƙa wa Kawu jan biron ƙungiya, ya tura kekensa ya tafi ko hawa bai yi ba.

Za ku ce ya anka yi ba wanda ya gane? To a can ba a san mutum da sunan yanka ba. Dogo ne, Na-bakin-rijiya ne, Mai-shanu ne. Mutum zai yi shekara ashirin yana maƙwabtaka da kai a fadama bai san sunan da liman ya raɗa maka ba. Su kansu goma sha ɗayan wasunsu suna wurin, da su anka yi ta ihun a kama ɓarawo.

Washegari anka yi wa Kawu rasuwa a Maradun, ya tafi zaman makoki. Kafin ya hau mota ya ba mai kula da inji takardar da na buga, ya ce kada ya sako wa kowa ruwa sai da ita. Shi kuwa bawan Allah ya riƙe takarda kamar layar tsari. Mutum ya zo ranarsa, ya faɗi sunansa, a ce mashi ai wanga suna ya sha ruwa tun shekaranjiya. Ya rantse da Allah sunan da ubansa ya sa mashi ke nan, mai inji ya ce ya je Mafara ya yi gardama da kwamfuta. Ga bazara ta kankama, rana kamar ta faɗo.

Ranar Talata, kasuwa ta cika, ina rumfar babanmu ina latsa waya, sai ga wani magidanci ya yi sallama. Ya gaida Baba gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da kasuwa da gajiya, sannan ya buɗe hannun rigarsa ya aje dunƙulen dashen shinkafa kan tebur, kusa da cinyar sa. Ya bushe ƙayau kamar ciyawar da ake ba akuya. Ya tambayi Baba ko da anka haifi Injiniya an yanka rago. Baba ya ce an yanka. Mutumin ya ce to shi ma an yanka mashi, shekara arba'in da wani abu, ga 'ya'ya bakwai, sai ga shi yaron ga ya zauna cikin inuwa ya ce babu shi a duniya. Sau biyu ranarsa na wucewa, dashen kwana goma ne, ya ƙone. Wuƙar da ke hannunsa Baba ya aje a hankali, ya dube ni, ni da kaina na ji gara mari.

Na zaga bayan rumfa na kira siniya. Kun san mi gayen ga ya ce mani? Wai shi kod ya ba ni, bai ce zai ba ni ƙwaƙwalwa ba. Wai wa ya aike ni aiki da 'yan ƙauye. Kafin in iso gida ya kai labarin gurup, sun yanko hotona sun yi sitika, an rubuta mai kashe mutane da laftof. Mutanen da sunka yi ta turo mani alamar wuta ranar da na ce na kama ɓarawo! Ko mutum ɗaya bai tambayi halin da tsohon nan yake ciki ba.

Da safe Baba ya ce in hau mota in je in durƙusa, kada in dawo mashi gida sai da yafiyar Malam. Na same shi a zaure yana ɓarar gyaɗa. Na zube na fara kame-kame, ya ce in dakata. Ya jera murafen kwalba biyar a kan tabarma, ya ƙirgo gyaɗa bakwai ya zuba mani a hannu, ya ce in sa kowace a murfi, amma kada biyu su haɗu wuri guda. Na juya, na juya, na ce ba ya yiwuwa. Ya ce ashe kan na aiki. Sannan ya tambaye ni sunaye nawa mutanenmu ke sa wa 'ya'yansu maza, in an cire na Annabawa da sahabbai mi ya rage, kuma iyayen su ma ba daga cikin waɗannan anka sa masu ba? Mutum ɗari da wani abu, ƙauye huɗu, ya ce abin mamaki shi ne a ce ba a samu masu suna ɗaya ba. Edita, wanga abu yana cikin kwas ɗin da na faɗi. Akwai shi a handawut ɗin, takardun darasin da na yi firfita da su zango guda.

Ya sa na buɗe littafin, ya bi da ni. Ƙaho na mai kiwon shanu ne. Da'ira na wanda gonarsa ke bakin rijiya. Giginya ta ɗan wancan ƙauyen ce, sanda kuwa ta Dogo. Abin da lakcara ke ta fama da mu a kai, cewa kowane mutum a databes sai da abin da ya bambanta shi da kowa, tsohon nan ya daɗe da yin nasa da jan biro. Ni na zo na zubar da shi na riƙe suna tsirara. Ya ce ya yafe, amma in tashi yanzu in je a sako wa bayin Allah ruwa, shinkafa ba ta san ban haƙuri ba.

Ranar Juma'a, Kawu ya dawo, na tsaya bayan an sallame na faɗi komi da bakina, na ce Malam bai ci ko ɗigon ruwan kowa ba, ni ne jahilin. Amma waɗanda sunka tsaya saurare ba su kai rabin na gindin mangwaro ba. Abin da ya ƙara ƙona mani rai, masu cewa kwamfuta ba ta ƙarya su ne sunka koma cewa dama sun san kayan shaiɗan ce. Ba wanda ya ce shi ma ya yi ihu. Wanda dashensa ya ƙone, ni da yayyena munka je munka taya shi sabon dashe da irin da Kawu ya samo, ko da yake lokaci ya riga ya ja, abin da ya girba bai taka kara ya karya ba. Kawu ya kai wa Malam biro har gida sau uku, Malam ya ce idonsa ya yi rauni, a ba yara.

Na sake gina databes ɗin, kowa da lambarsa, da gurbin laƙabi da na ƙauye. Na sake zama jarabawar lissafi na haye, firojet kuma na ci shi da kyau, ranar da sakamako ya fito sai da 'yan ɗakinmu sunka riƙe ni don tsalle. Cikin wagga murna na hau mota zuwa Bakura in nuna wa Malam. Da na sauka na faɗa wa 'yan kabu-kabu cikakken sunansa, sunka dubi juna ba wanda ya gane. Na ce tsohon malamin firamare, mai keke. Sai ɗaya ya tada mashin yana dariya, ya ce in ce Malam Bogi mana tun farko. Ban hau ba. A ƙasa na taka har gidan, kuma ban iya fito da takardar daga jaka ba.

Don haka 'yan'uwana ɗalibai, masu saurin yatsa irina, don Allah ku ji. Duk wanda ya ce maku lissafi ba ya da amfani, ku tambaye shi ko zai tsaya tare da ku ranar da abin ya kwaɓe. Kod ɗin da ba ka gane ba kada ka danna shi kan sunayen mutane, don kowane layi da kake gani a allo magidanci ne da gonarsa da iyalinsa. In ka ga abin da ba ka fahimta ba a aikin wani, tambaya ba ta rage maka komi, kafin ka tara jama'a ka buɗe baki. Ku kuma masu ihu, na'ura abin da anka zuba mata take amayarwa, in wawa ya zuba, wauta za ta fito. Mutum goma sha ɗayan nan cikin minti biyu na maida su. Suna guda da na jawo wa dattijon da bai ci mani komi ba, yau shekara biyu ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su daina faɗi, kuma jiya ma na ji shi a bakin wata mai tallan fura.